Masu zuba wa tsuntsaye a lokacin sanyi, ku zo mu ji yadda kuke yi

Maman yara, Leeds: Assalamu alaikum jama'a. Sanyi ya kama mu a nan Ingila, kafin ƙarfe 4 na yamma magariba ta yi, yara na dawowa daga makaranta gari ya fara duhu. Bana na ƙudurta ba za mu ƙare a gaban talabijin ba, shi ya sa na rataya mazubin abincin tsuntsaye a bayan gida, daidai tagar kicin. Gwara sun fara zuwa, da wani ɗan ƙarami mai jan ƙirji da suke kira robin, kuma wallahi 'yar autata yanzu da kanta take tashi don ta leƙa su. Damuwata biyu ce. Dunƙulen kitsen da ake sayarwa don tsuntsaye, wani ba a rubuta na wace dabba ba ne, ni kuma ba na son yara su riƙa taɓa abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Sai kurege, wanda ke kwashe komai kafin hantsi. Waɗanda suka daɗe suna yi, a nan waje ko a gida da ake hunturu, ya kuke yi? Kuma da me kuke cika wannan dogon dare?

Ɗalibi a Winnipeg: Wa alaikumus salam Anti. Batun kitse mai sauƙi ne, ki haɗa naki. Ni wurin mahaucin da nake sayen naman halal nake karɓo kitsen saniya, wanda ke kewaye da ƙoda ya fi kyau don yana daskarewa da ƙarfi. In narka shi a tukunya, in zuba dakakkiyar gyaɗa da 'ya'yan sanfulawa baƙaƙe, in juye a ƙananan kofuna, in ajiye a waje ya sandare. Abu ɗaya dai, gyaɗar kada ta zama mai gishiri ko wadda ta fara fumfuna, kuma kada ki yi amfani da man da ya rage a tiren gashin nama, akwai gishiri a ciki, kuma da yake ba ya sandarewa sosai yana shafe musu gashin jiki, ya hana shi riƙe ɗumi.

Mu nan sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Akwai wani tsuntsu, cikadi, mai baƙar hula da farin kumatu, nauyinsa bai wuce giram 14 ba, amma ba ya ƙaura, a nan yake cin sanyin gaba ɗaya. Da dare yana sauke zafin jikinsa don kitsen da ya tara da rana ya kai shi asuba, kuma ba ya zama ya ci a mazubi, ƙwaya ɗaya yake ɗauka ya tafi, wasu ya ci, wasu ya ɓoye a ɓawon itace ya dawo musu daga baya. In ka tsaya shiru da abinci a tafin hannu yakan sauka. Ranar da ya fara sauka a nawa sai da na kira mahaifiyata na ba ta labari. Shekarata ta farko a nan kaɗaici ya dame ni ƙwarai, kuma fitar nan ta safe don in cika musu mazubi na daga cikin abin da ya riƙe ni.

Kurege kuwa, ki barbaɗa zallar garin barkono a cikin abincin. Tsuntsaye ba sa jin yajinsa, shi yana ji. Ba yajin ƙuli ba fa Anti, wannan da gishiri.

Mai kiwon tantabara, Kano: Ni abin da zan ƙara, kowa na maganar abinci, amma a wurinmu ruwa ne magana. Daga an yi girbi har zuwa bazara kududdufai sun ƙafe, iska ta bushe, tsuntsu zai samu abin tsattsaga a bakin masussuka ko inda mata suka yi surfe, amma ina zai sha? Ina da kasko mai faɗi a gindin dalbejiya, na sa dutse a tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa. Kullum da safe sai na zubar na wanke, saboda ƙurar hunturu kan kwanta a kai kafin kwana ɗaya. Kurciya na zuwa, hasbiya na zuwa, baiwar Allah kuwa har ɗaki take shiga. Ku lura da kurciya in tana sha, tsoma baki take yi ta zuƙa ba tare da ta ɗaga kai ba, kamar dai tantabara da hasbiya, yawancin sauran kuwa sai sun ɗaga kai ruwan ya gangara.

Tsaki nake watsa musu, kaɗan, daidai abin da za su cinye kafin azahar, don kada ɓera ya samu na dare. Kuma kaskon nesa da inda mage za ta iya laɓewa. Masu kaji ina roƙonku ku raba mashaya. Lokacin sanyi ne annobar kaji ta fi yawa, kuma duk wanda ya ga abin da murar tsuntsaye ta yi wa masu kiwo a 2006 ba zai bar na daji da na gida su haɗa kasko ba.

Tsohon malamin gona, Haɗeja: 'Ya'yana, zan ɗan saɓa muku kaɗan. Mutumin da ya kwana yana kaɗa gwangwani a gonar shinkafa don korar jan baki, da wuya ka ce masa ya ɗebo hatsi ya zuba wa tsuntsu. Na ga garken da ya sauka a fadama ya bar manomi da kara. Don haka ni hatsi ba na zubawa, kuma ba na ganin laifin maƙwabtana da ba sa yi. Ruwa dai ina ajiyewa, wannan ba ya cutar da kowa.

Amma maman yara, ki gaya wa yaranki cewa wasu tsuntsayen da suka ɓace muku a can, ga su nan wurinmu. Da zarar shamuwa ta tafi, sanyi ya fara, agwagin daji da masu dogayen ƙafa daga Turai suke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, su haɗu da ɗinya da kirinjijiya namu na gida. Sahara suke ƙetarewa kafin su iso. Wurin da aka keɓe musu a Dagona, cikin jihar Yobe, har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarce shi a 1989. Kuma abin da ya same mu yana samunsu. Bayan farin da aka yi a yankin nan a ƙarshen shekarun 1960, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu ƙwarai a 1969, saboda a ƙasashenmu yake cin rani, ya zo bai samu abin ci ba. Shi ya sa in na ga ciyawar kachalla na toshe hanyoyin ruwa, ko ana sare itatuwan bakin fadama, raina ke ɓaci.

Maman yara, Leeds: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na karanta wa babban ɗana wannan, yanzu haka ya buɗe taswira yana neman Nguru.

Ma'aikaciyar jinya, Birmingham: 'Yar'uwa, abin da nake so ki riƙe shi ne tsabta. Akwai wata cuta ta maƙogwaro da ta ɓulla a tsuntsayen lambu a ƙasar nan tun 2005, ta kashe wasu koraye masu cin hatsi da yawan gaske. Ta yawu take yaɗuwa, mai cutar ya kasa haɗiya ya furzar da ƙwaya, wani ya zo ya ɗauka. Saboda haka faifai mai faɗi da duk suke tsayawa a ciki ya fi haɗari, na ratayewa ya fi. Ki wanke mazubin duk mako da ruwan zafi, ya bushe kafin ki sake cikawa, ki riƙa sauya masa wuri. In kin ga wani ya kumbura gashi yana zaune ba ya gudu, ki sauke komai na ɗan lokaci su watse. Ruwa ma ki duba da safe, in ya daskare ki zuba mai ɗumi, kada ki sa gishiri don ya narke.

A ƙarshen watan Janairu ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB na shirya ƙidayar tsuntsayen lambu, tun 1979 ake yinta. Awa ɗaya za ku zauna a taga ku rubuta abin da ya sauka, ku aika. Yarana sun fi son wannan awar a kan duk wani wasan waya.

Wani daga Damagaram: Kakata ba ta taɓa gama surfe ta share wurin tas ba, takan bar ɗan abin da ya zube, ta ce rabon masu fukafuki ne. Da na girma na ji hadisin da ke cewa duk wanda ya yi shuka tsuntsu ya ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Mu dare kuwa dara muke yi a zaure da shayi, yara na ciki wurin tatsuniya. Baba na Haɗeja, in hadisin nan ne, ai kai ka riga mu tara lada.

Hajiya, Jos: Ƙanwata, tambayarki ta biyu, ta dogon dare, babu wanda ya amsa sosai. Jos dai kin san sanyinta. Ni saƙa nake yi, da kwarashi, hular jarirai da safa da ƙananan barguna, in sun taru in kai wa masu haihuwa a unguwa. Jikokina mata na koya musu, namijin kuma maigida na koya masa ɗinkin hula, wanda ke cin makonni kafin a gama ɗaya, kuma yaron da ba ya iya zama wuri guda yanzu sai an ce ya ajiye allura ya kwanta. Kunun gyaɗa na kan wuta, ko shayi da citta da kanumfari, ga dankali a toka. In za a kwanta kowa ya shafa man kaɗanya a ƙafa saboda faso.

Amma don girman Allah, masu shiga da kaskon gawayi ɗaki ku rufe ƙofa da taga, ku bari. Iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce daga nan. A unguwarmu mun yi rashi ta haka, uwa da jaririnta. A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe wutar kafin a shiga.

Maman yara, Leeds: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansu. Na gode muku duka, gobe zan biya wurin mahauci. Yaya Hajiya, ni ban taɓa riƙe kwarashi ba, da me zan fara?

Hajiya, Jos: Ki samo kwarashi mai milimita 5 da zaren ulu mai kauri, mai haske, don ki riƙa ganin idon saƙar, baƙi yana wahalar da sabon hannu. Ki fara da mayafin wuya, miƙe yake ba ragi ba ƙari. In kin yi kamar taki ɗaya ki ɗauko hoto in duba miki gefen, a nan ne masu koyo suke zubar da ido.