Karen Oga Mai Haƙarƙari a Waje

Maigadin Ikoyi

Salamu alaikum 'yan zaure. Yau tambaya ce ta kawo ni, kuma a waƙe zan yi ta yadda muka saba.

Bismillahi da shi nake farawa,
Mai ba kowace dabba tata baiwa.

Oga ya sayo kare a Faransa,
A jirgin sama aka yo kawowa.

Da fasfonsa, da katin allura,
Ni nawa fasfon ba ranar fitowa.

Na buɗe akwati sai na yi salati,
Ƙafafu zaƙo-zaƙo kamar barewa.

Haƙarƙari a fili ina ta ƙirga,
Ciki ya lafe kamar shekarar yunwa.

Na ce, "Oga, wallahi an cuce ka,
Wannan ko sati ba ya kaiwa."

Ya yi dariya ya ce Azawak ne,
Halittarsa ce, ba wai ramewa.

Na zuba masa tuwo ya kau da kansa,
Baƙo ya miƙa hannu, sai kaucewa.

To masana, ina asalin wannan?
Ku warware mini, kaina na ɗaurewa.

Ba'adaren Agege

Yaya Maigadi, ka sa na yi dariya har shayi ya zube mini a riga. Ɗan garinmu ne fa kake wa gadi.

Karen da kake gani ai namu ne,
Ɗan Azawak, can arewa da Tawa.

Kwari ne tsakanin Nijar da Mali,
Kogin da ya ƙafe tun da daɗewa.

Buzaye ke da shi a zangonsu,
Oska suke ce masa wajen kirawa.

Yana kwana kusa da tanti da raƙuma,
Kura da dila ba sa matsowa.

Shi ba da hanci yake farauta ba,
Ido ne jarinsa, da zaburowa.

Ya hango zomo can ƙarshen faƙo,
Kafin ka ce kwabo ya kai ga kamawa.

Ramar da ka gani maganin zafi ce,
Mai teɓa a hamada ba ya ɗorewa.

Gashi kamar an bi shi da aska,
Damunar Ikko ce ba zai iya jurewa.

Bai san wasa da wanda bai sani ba,
Mutum ɗaya yake ba wa amincewa.

A shekarun 1970 ya shiga Turai,
A 2019 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi karɓawa.

A rugga kyauta ake ba ka ɗansa,
Oganka da Yuro ya je sayowa.

Hajiyar Obalende

Kai, kun ishe mu da wa-wa-wa kamar gidan makoki. Na sauya amo, wanda ya iya ya biyo ni.

Ku bar zancen masu ido, ƙannena,
Akwai waɗanda sana'arsu bin ƙamshi.

Na je Amurka wankan jegon 'yata,
Na ƙunsa daddawa da kuka da kilishi.

Na naɗe a leda, na sake naɗewa,
Na danne da atamfa don kar a gan shi.

A filin jirgi ga ɗan kare gajere,
Kunnuwa sun zubo, fala-fala, da laushi.

Fari da baƙi da ja, har da 'yar riga,
Na ce, "Kai, ɗan nan akwai kyan gashi."

Ya zagaye jakata ya zauna ɗam,
Bai yi gurnani ba, balle haushi.

Ma'aikaciya ta ce, "Madam, buɗe,"
Ina kallo kilishin Agege ya tashi.

Bigil sunansa, ɗan Ingila ne,
Don farautar zomo aka rene shi.

Tun 1984 Amurkawa suka ba shi aikin,
Nama ko mangwaro, shi ke tono shi.

Na dawo Ikko shekara biyu ke nan,
Mai kilishin har yau yana bi na bashi.

Ɗan Bokon Yaba

Hajiya, Allah Ya mayar da alheri,
Amma Bigil yaro ne a fagen hanci.

Babbansu Buladhawun ne na Beljiyam,
Masu zuhudu suka rene shi a coci.

Fatar fuska ta zubo kamar tsoho,
Ido jajir sai ka ce bai yi barci.

Dogayen kunnuwan da ke sharar ƙasa,
Su ke kaɗo wari su kai wa hanci.

A ba shi rigar wanda ya ɓata ya shinshina,
Ya bi sawun kwanaki, babu ha'inci.

Shi kuwa Dakshun, guntun Jamus,
Karen dage ke nan da Jamusanci.

Jiki kamar taɓarya, ƙafa guntaye,
Don ya kutsa rami komai ƙunci.

A masu ido Girehawun ne sarki,
A tsere ba ya jin lallashi ko ceto, sai cin... 

Af, amon ya kuɓuce mini, wayata ta yi ƙara. Bari in gyara:

Girehawun na cin kilomita 70 a awa,
Danfo a gosulo sai kallon takaici.

Sai dai gudunsa na ɗan zango ne,
Salukin Larabawa ya fi shi naci.

Mahaucin Oko-Oba

Ɗan boko, sannu da karatu. Duk waɗannan a waya ka gan su. Ni nawa tare muka tashi, tabarma ɗaya ce kawai ba mu haɗa ba.

Babana na da kare, sunansa Duna,
Ba takarda, ba allura, ba gata.

An yanke masa kunne yana kwikwiyo,
Don kar ƙaya ta riƙe shi a farauta.

Laya a wuya, dusa da romon ƙashi,
Ranar sa'a a jefa masa hanta.

In kaka ta wuce aka buga gangi,
Maza su fito da gora da mai ƙota.

Hanci da ido duka Duna ke aiki,
Rabe-raben littafi ku je ku karanta.

Ya tono gafiya, ya kamo zomo,
Ya ajiye gaban Baba, ya koma ya kwanta.

Ranar da gadu ya farke cikinsa,
Baba da basilla ya ɗinke fata.

Ya kwana uku a zaure yana nishi,
Inna da ke korarsa ita ke masa fifita.

Yau a Oko-Oba ina ganin irinsa,
Suna jiran ƙashi a bakin kwata.

Yara na jifa, ba mai cewa kul,
Da a Faransa aka haife su da sun huta.

Maigadin Ikoyi

Baba Mahauci, ka tuna mini da gida. Allah gafarta Malam, kana kusa? Jiya da asuba na tarar ya tsoma baki a bokitin alwalata, ya kuma lashi ƙafar wandona. Na tsaya da buta a hannu na rasa ta cewa.

Malamin Idi-Araba

Maigadi, kwantar da hankalinka,
A mazhabar Malik wannan ba matsala.

Mai rai da tsarkinsa, har da yawunsa,
Wandonka lafiya lau, tashi ka yi salla.

Bokitin ka zubar, ka wanke sau 7,
Bin umarni ne, ka sake na alwala.

Shafi'iyya sun ce najasa ne,
Saɓanin malamai ne, ba ya kawo illa.

Karen farauta Ma'ida ta yi zancensa,
Aya ta 4, ka duba ka kula.

In horarre ne kuma kai ka sake shi,
Da ka sake shi ka ce Bismilla,

Abin da ya kamo maka halal ne,
In da sauran rai, yanka ka kammala.

An yarda da na farauta, kiwo da gona,
Na ƙawa kawai yana rage falala.

Wannan na ƙarshen ka gaya wa Oga,
Amma da dabara, kar ka jawo wahala.

Ɗan Bokon Yaba

Malam, a ƙara mini baiti biyu, na manta ɗan Afirka guda.

Basenji na Kwango ba ya haushi,
Guɗa yake kamar ana buɗar kai.

Maharba na rataya masa ƙararrawar itace,
Don su san inda ya nufa a kurmi kawai.

Hajiyar Obalende

Kare mai guɗa? To a kawo shi bikin autata, ya rage mini kuɗin zabiya.

Ba'adaren Agege

Yaya, ka bar ba shi tuwon shinkafa. A zango gero da nono suke sha. Kuma ka nema masa fili, wannan tsakar gidan ta tayil kurkuku ce gare shi.

Maigadin Ikoyi

Ƙanena, na bi shawararka, ga rahoto. Na dawo kan amona na farko, Hajiya ta yi haƙuri.

Lahadi da asuba Oga ya ba mu mota,
Bakin teku muka je, ba kowa.

Na kwance igiya ya tsaya ƙiƙam,
Yana kallon nesa, kunne na motsawa.

Iska ta ɗauko wata baƙar leda,
Wallahi ban ga lokacin tashinsa ba, sai ɓacewa.

Ƙafa huɗu a sama, bayan na lanƙwasa,
Yashi na tashi kamar ana sheƙewa.

Na bi shi da gudu ina "Oska! Oska!"
Silifas ɗina guda teku ya yi cinyewa.

Ya dawo da ledar ya ajiye gabana,
Ni ke haki, shi ko alamar gajiyawa.

A gida na dama fura da kindirmo,
Na zuba a kwanonsa don gwadawa.

Ya lashe tas, ya ture mini kwanon,
Biskit ɗin Faransa na buhu, kyankyasai na zagayawa.