Sanƙon gado da mariƙin gashi: neman sunan Hausa

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman masana harshe su sa mana baki a wata magana. Aikin kantin magani nake yi a nan Jos, wajen Bauchi Road, kuma samari suna yawan shigowa, mutum ya jira layi ya ragu, ya ɗaga hula ya ce, "Malam, maganin sanƙo nake so." Bayanin da zan yi masa ina da shi, amma sunayen abubuwan ne babu a Hausa, shi ya sa yakan tafi da rabin magana. Suna biyu nake nema: na irin wannan sanƙo, da na magungunan da likita ke rubutawa dominsa.

Mu fara da ciwon, in ma za a kira shi ciwo. Ba kowace zubewar gashi ba ce iri ɗaya. Akwai kora da ke cin kan yara, wannan ƙwayar cuta ce, maganinta daban. Akwai wanda gashi ke ɓacewa wuri guda, zagaye, fatar ta yi sumul. Akwai matan da matsattsen kitso ya cinye wa gaban kai. Wanda nake nufi shi ne mai tafiya da tsari: ya fara ta kusurwoyin goshi biyu, ya buɗe tsakiyar kai, a hankali su haɗe, ya bar ƙeya da gefen kunne cike da suma. Wani likitan Amurka, Norwood, ya kasa tafiyar tasa mataki 7 a 1975, har yau da ma'auninsa ake aiki.

Wasu daga cikin waɗanda na riga na tambaya sun ce a kira shi sanƙon tsufa. Ban yarda ba, don yaron da bai kai talatin ba ma yana kama shi, kuma in ka ce masa tsufa ne zai zauna har lokacin da magani zai yi amfani ya wuce. Wata baiwar Allah ta ce sanƙon maza. Hajiya, ya fi kusa, sai dai mata ma suna samun nasu, gashin tsakiyar kai ya yi shara-shara. Ni na tsaya a kan sanƙon gado, wanda wani malamin Hausa daga Unguwar Rogo ya kawo. Allah ya ƙara ilimi, Malam. Gadon kuwa ta uwa da ta uba duka yake zuwa, kada wani ya ɗora wa dangin uwarsa laifi su kaɗai.

Amma gado shi kaɗai ba ya kwashe gashi. Tun 1942 wani mai bincike, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin su balaga ba sa yin sanƙo, ko da danginsu duk masu sanƙo ne. Sinadarin mazantaka, testosteron, jiki yana juya wani kaso nasa ya koma wani sinadari mai suna DHT. Wanda ya gaji sanƙo, tushen gashin saman kansa ba ya jure DHT. Kowane zagaye na zuba da sake tsirowa sai gashin ya fito ya fi na baya siranta da gajarta, har ya daina fitowa. Na ƙeya bai damu da DHT ba, shi ya sa masu dashen gashi daga can suke ɗebowa.

To ga inda na fi buƙatar suna. In ka ce wa Bahaushe magani, abin da yake ji shi ne a sha, a warke, a ajiye. Waɗannan kuwa ba haka suke ba, kuma kuɗin mutane da yawa a nan yake zubewa.

Finasteraid ƙwaya ce, miligiram 1 a rana. Kamfanin Merck ya fara fitar da ita a 1992 da sunan Proscar, miligiram 5, don kumburin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A 1997 aka amince da ƙaramar, Propecia, don gashi. Aikinta ta tare hanyar da testosteron ke bi ya zama DHT, tana rage shi a jini da kusan kashi 70 cikin ɗari. Dutasteraid, wadda aka fi sani da Avodart, 'yar ɗakinta ce amma ta fi ta ƙarfi, tana rage fiye da kashi 90. Koriya ta Kudu ta amince da ita don sanƙo a 2009, Japan a 2015, Amurka kuwa don furostet kawai ta yi mata rajista. Kuma tana daɗewa a jiki ƙwarai. Finasteraid cikin sa'o'i jiki ke fitar da rabinta, dutasteraid sai wajen mako 5. Ke nan in ba ta karɓe ka ba, ko ka daina yau za ka jima da ita. A ganina ba da ita ake farawa ba, sai likita ya ga ta farkon ba ta riƙe ba.

Minoksidil hanyarsa daban, bai taɓa DHT ko kaɗan. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka ga masu shansa gashi na tsiro musu, aka mai da shi na shafawa, Rogaine, a 1988. Yana tsawaita lokacin da gashi ke girma kafin ya faɗi. Na shafawar ba ya buƙatar takardar likita a ƙasashe da yawa, amma na haɗiya sai da ita, don yana iya kawo kumburin ƙafa da bugun zuciya da sauri. Makonnin farko gashi kan ƙara zuba kafin ya daidaita. Na ga wani ya dawo da kwalba rabi, ya shimfiɗa hankici a kan kanta yana nuna mini gashin da ya tara, ransa a ɓace. Da an gaya masa tun farko da bai tsorata ba.

Dukansu sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina, cikin shekara kai zai koma inda da ma zai kai. Wurin da ya daɗe da yin sumul yana ƙyalli kuwa, babu ƙwayar da za ta dawo da shi.

Wani ya ba da shawarar matarin sanƙo. Yana da daɗin faɗi, kuma ya dace da finasteraid da dutasteraid, amma ya bar minoksidil a waje. Wani ya ce mai tsiro da gashi. Wannan alkawari ne da ya fi ƙarfin maganin, irin sunan da masu talla a kasuwar Terminus za su so, ni ba zan faɗe shi ga mai saye ba. Sai wani dattijon wanzami daga Gangare ya aiko ta bakin ɗansa cewa a ce mariƙin gashi. Baba, Allah ya ja kwana, naka na ɗauka. Kowane Bahaushe ya san mariƙi: yaro yana hannunsa muddin yana riƙon, ranar da ya saki ya fita hannunsa. Sai mu ce mariƙi na sha da mariƙi na shafawa.

Wani likita ya ja hankalina cewa kada suna mai daɗi ya ɓoye illa. Gaskiyarka, Likita, kuma wannan ba abin kunyar faɗa ba ne. Mariƙi na sha, ina nufin finasteraid da dutasteraid, yana rage wa wasu maza sha'awa ko ƙarfin kusantar iyali. A gwajin finasteraid na farko ba su kai 2 cikin ɗari ba a kowace irin matsalar, mafi yawansu kuma sun dawo daidai, amma akwai waɗanda suka ce abin ya zarce bayan sun daina, akwai kuma masu kukan damuwa da ƙuncin rai. Mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, tana iya cutar da al'aurar ɗa namiji a ciki. Wannan ya shafi masu sayen ta miligiram 5 suna gutsurawa gida huɗu don sauƙin kuɗi, su bar garin a kan faranti. Ƙwayar tana rage sakamakon PSA, wato gwajin jinin da ake duba furostet da shi, da kusan rabi, don haka dattijon da za a duba wa furostet dole ya gaya wa likita yana sha. Ba a karɓar kyautar jinin mai shan finasteraid sai wata 1 bayan ya daina, na dutasteraid sai wata 6. Saboda waɗannan ne ba na miƙa ta sai na ga takardar likita, ko da mutum zai ji haushina. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali kuma.

Saura guda. Ɗan ramin da gashi ke tsirowa daga ciki, wanda DHT ke tsuke shi, ni tushen gashi nake cewa, Malamin Unguwar Rogo ya ce saiwar gashi, wata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce gurbin gashi, don in an tuge gashi da saiwarsa ramin yana nan, wani zai fito. Hujjarta ta fi tawa ƙarfi. Wanzamai da masu kitso, ku da hannunku ke kan mutane kullum, me kuke ce masa?