Neman kalma: me za mu kira "earthing" a rumfar leda?

Manomin Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a. Ana rubuta jagora da Hausa ga masu kafa rumfar leda a bayan gida, irin wadda ake noman tattasai da tumatir a ciki a Jos da kewaye. Babin lantarki ya cije a kan kalma ɗaya: earthing, wadda Amurkawa ke kira grounding, wato haɗa jikin ƙarfen kayan lantarki da ƙasa don kada wuta ta kama mutum. A daftari an sa "wayar ƙasa". Ta yi, ko akwai wadda ta fi ta? Rumfar da aka yi misali da ita faɗinta mita 3, tsawonta 6, ƙashinta bututun ƙarfe ne, tana da injin tura ruwa da hita da fanka.

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. A bakin aiki "atin" muke cewa, kuma duk shagon kayan wuta da ka shiga za a gane ka. Amma "wayar ƙasa" don Allah a goge ta. A sabon tsarin launi, wayar da ke ɗauke da wuta ruwan ƙasa ce, nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta) shuɗiya, atin kuwa kore da ɗorawa. A tsohon tsari ja ce da baƙa da koriya. To ka ce wa yaron da ke koyon aiki ya ɗaura wayar ƙasa a jikin ƙarfen rumfa, ya buɗe kebur ya ga waya mai ruwan ƙasa, wacce kake zaton zai ɗauka? Rumfar gaba ɗaya ta ɗauki bolt 230 ke nan. Ban da wannan, kebur ɗin da ake binnewa daga gida zuwa rumfar shi ma "wayar ƙasa" mutane ke ce masa.

Malamar Hausa:
Wannan hujja ta launi kaɗai ta isa, Malam. Sai dai ina ganin abubuwa da yawa aka cusa cikin kalma guda. Injiniya, ka rarrabe mana su tukuna, don ba a raɗa wa jariri suna ba a gan shi ba.

Injiniya:
Ranki ya daɗe, abu huɗu ne. Akwai sandar da ake kafawa cikin ƙasa. Akwai wayar da ke tashi daga jikin ƙarfen kowace na'ura, ta bi ta doguwar ƙafar filogi mai ƙafa uku, ta isa ga sandar. Akwai gama duk ƙarafan da hannu ke iya taɓawa, wato ƙashin rumfa da ƙafafun tanki da bututun ruwa na ƙarfe, a ɗaure su da waya ɗaya don kada wani ya fi wani wuta. Na huɗu ita ce bireka, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta, irin wadda ake rubuta RCD a jikinta.

Ta huɗun ita ake yawan mantawa, alhali sauran ukun ba su kare kowa sai da ita. Ga lissafin. A ce turjiyar sandarka, wato yadda take tare wucewar wuta zuwa ƙasa, om 50 ce, kuma wayar wuta ta zazzage ta taɓa jikin hita. Raba 230 da 50, amfiya 4.6 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ne zai bi ta ƙasa, kai bai ma cika ba. Birekar gama-gari mai amfiya 16 ko 20 ba za ta ko motsa ba, don a wurinta wannan ɗan lodi ne. Jikin hitar zai zauna da wuta har wani ya taɓa. Ita kuwa RCD tana auna abin da ya fita ta wayar wuta da abin da ya dawo ta nutural. Da zarar bambancin ya kai miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), ta yanke cikin abin da bai kai sulusin daƙiƙa ba. Mutumin da ke tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannunsa da ruwa, turjiyar jikinsa na iya sauka kusan om 1,000, wato sama da miliamfiya 200 za su ratsa shi. Wannan ya isa ya hargitsa bugun zuciya. Rumfar leda kuwa kullum haka take: raɓa na ɗiga daga rufi, ƙasa a jiƙe, ruwan ma an narka masa taki, wanda ke ƙara masa saurin ɗaukar wuta.

Malamar Hausa:
To ga abin da nake kawowa. Sandar a kira ta "turke", tunda kafa shi ake yi a ɗaura masa abu don kada ya yi ɓarna, kamar dai turken doki. Wayar kuwa ina tunanin "magudanar wuta" ko "indararon wuta", don indararo ne ke kwashe ruwa daga soro ya sauke shi ƙasa ba tare da ya ci bango ba.

Mai Wayarin:
Turke ya zauna daram, Malama, amma kada a ce "turken wuta", don haka ake kiran falwayar bakin titi. Magudana kuwa ban yarda ba. Magudana kullum ruwa na bin ta. Wayar da kullum wuta ke komawa ta cikinta ita ce nutural. Ta atin a zaune take ba aiki sai ranar da abu ya lalace. Rikita waɗannan biyun shi ne babban ciwon wayarin a gidajenmu: sai a haɗa ramin atin da na nutural a bayan soket a ce an yi atin. Ranar da nutural ta tsinke a can baya, duk jikin injin ruwa da hita sai su ɗauki wuta. Indararo ya fi kusa, tunda sai an yi ruwa yake aiki, sai dai wanda ya ji "indararon wuta" ba zai san me zai saya a shago ba.

Ɗan Maraɗi:
Nan wajenmu kalmar Faransanci ake ɗauka, terre, ma'anarta dai ƙasa. In an sa "atin" ita kaɗai mai karatu a Nijar ba lallai ya gane ba. Ni "wayar kariya" nake gani, don ta faɗi aikin, kuma ba ta jingina da Turanci ko Faransanci ba.

Injiniya:
Na goyi bayan wannan. A littattafan ƙa'ida ma sunanta na asali daga kariya aka samo shi, shi ya sa za ka ga harufan PE a jikin tashar da ake ɗaura ta.

Mai Famfo:
Kafin a rufe, a sa tanki cikin lissafi, don nan ne wuta da ruwa suka fi haɗuwa. Tankin lita 1,000 in ya cika nauyinsa tan ɗaya ne, saboda haka ƙafafunsa ƙarfe ne galibi, a kan daɓen kankare. Ƙafafun nan dole su shiga cikin gamin ƙarafan da Injiniya ya faɗa, haka ma jikin injin. Tankin roba ba ya ɗaukar wuta, amma ruwan da ke ciki yana ɗauka, kuma yana kai ta har bakin famfo. Shi ya sa hita ta tsomawa, irin ta dafa ruwan wanka a bokiti, ba ta da wuri a tankin rumfa ko kaɗan.

Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da ƙarfin turi na kusan bar 1 (ma'aunin ƙarfin turin ruwa), don haka tanki a kan mita 2 yana ba da kusan 0.2. Ya isa ban-ruwan ɗigo a rumfa mai mita 6 in an sa mataci a bakin fita, ana kuma wanke shi duk mako. Tanki ya zama baƙi mai murfi, don farin da haske ke ratsawa gansakuka yake tarawa, ita kuma ta toshe ramukan ɗigo. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, wato rufin wannan rumfar zai ba da lita 360 a ruwa mai milimita 20. Bututun ambaliyar tanki a juya bakinsa wajen turken, ƙasar wurin ta riƙa samun danshi.

Manomin Bukuru:
Hitar fa, wane girma za a rubuta? A Kano ko Sakkwato yawanci sanyaya rumfa ake fama da shi, amma a tudun Jos daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10, tumatir kuma in dare ya gaza kusan 13 furensa ba ya kama ɗa sosai.

Injiniya:
Bango da rufin wannan rumfar za su kai kusan murabba'in mita 60. Leda falle ɗaya tana zubar da kusan wat 6 a kowane murabba'in mita, a kowane digiri na bambanci tsakanin ciki da waje. In waje 8 ne kana son 13 a ciki: 60 sau 6 sau 5, wat 1,800. Hita mai fanka ta kilowat 2 ke nan, tana jan kusan amfiya 9, da na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai. Kebur mai sulken ƙarfe na murabba'in milimita 2.5 zai ɗauke ta da ƙaramin injin ruwa a nisan mita 25. In ya haura 40 a koma murabba'in milimita 4. A binne shi zurfin rabin mita, a shimfiɗa ledar gargaɗi a samansa, soket kuma ya zama mai murfi na IP65 ko IP66 (lambar da ke nuna yana hana ƙura da ruwa shiga), a sama da inda ruwa ke fantsama.

Ana iya rage wa hitar aiki da duro. Lita ɗaya in ta huce da digiri ɗaya tana sakin zafin da ya kai na wat 1.16 na awa guda. Duro 6 masu lita 200, an shafa musu baƙin fenti an jera inda rana ke dukansu, in suka huce da digiri 4 cikin dare sun ba da kusan abin da hitar za ta bayar a awa uku. Leda falle biyu da iska a tsakani tana rage asarar da kusan sulusi. Kaskon gawayi ko risho a rufaffiyar rumfa kuwa a hana a rubuce: iskar gubarsa ba ta da wari, tana kashe mutum, hayaƙin kuma yana sa ganyen tumatir ya lanƙwashe, fure ya kaɗe.

Malamar Hausa:
To ina ganin mun tsaya a kan haka. Aikin gaba ɗaya a bar masa "atin", tunda ta riga ta zauna a bakin masu sana'a, amma a bayyana ta a karon farko da "saukar da wuta ƙasa". Sanda: "turken atin". Waya mai kore da ɗorawa: "wayar kariya". Ɗaure ƙarafa wuri ɗaya: "gamin ƙarafa". RCD: "birekar yoyo", don yoyon wuta take ji. Shi kuma greenhouse, "rumfar leda" da Manomi ya yi ta faɗa ta wadatar, in na gilashi ne a ce "ɗakin gilashi". "Koren gida" da ake gani a wasu rubuce-rubuce ba ya nufin komai sai gidan da aka yi wa koren fenti.

Mai Wayarin:
Na amince. A ƙara wannan a ƙarƙashin turken atin. Sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, kauri milimita 16. Guntuwar mai mita 1.2 ba ta cika isa danshi ba a rani, a haɗa biyu su zama 2.4. In dutse ya tare, kamar yadda yake yi a tudun Jos, a kafa biyu, tazararsu kada ta gaza tsawon sandar, a gama su da waya. Daga turke zuwa akwatin bireka waya mai riga ta murabba'in milimita 16, a ɗaure da matsewar tagulla, ba murɗawa da hannu ba, a yi wa kan turken ɗan rami mai murfi don a riƙa dubawa. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna saukar da awo a watannin farko, daga baya ruwa ya wanke gishirin, wanda ya rage ya ci sandar da mahaɗinta. A auna da na'urar awon atin a ƙarshen rani, Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Ƙa'idar Ingila da muke bi tana ɗaukar abin da ya haura om 200 a matsayin wanda ba a dogara da shi.

Injiniya:
Abu biyu kuma su shiga babin, Manomi. Turken atin ba maganin tsawa ba ne, wannan tsari ne daban da nasa sanda da waya. Sannan ƙananan janareta da yawa nuturalsu ba a ɗaure take da jikinsu ba, don haka birekar yoyo na iya ƙin yankewa in wuta ta taɓa ƙarfe. Danna maɓallin gwajinta ba ya nuna wannan, don shi cikin birekar kawai yake gwadawa. Sai mai wayarin ya gwada daga soket ɗin rumfar da na'urarsa, sau ɗaya a kan wutar gari, sau ɗaya a kan janareta.