Wace irin rumfa ce ta dace da Hiace da aka mayar ɗakin kwana?

Malam Mai Ritaya, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da na kwana biyu ina jujjuya shi a raina. Bayan na ajiye aikin koyarwa na sayi Hiace 'yar Kwatano mai dogon rufi, na cire kujerun baya, kafinta ya kafa mini gado da ɗan kabad, domin ni da maiɗakina mu riƙa zumunci ba tare da mun ɗora wa kowa nauyin masauki ba. Tafiyar farko da muka yi zuwa Yankari ta nuna mini abin da na manta da shi: da zarar rana ta take, cikin motar ba ya zaunuwa, waje kuma babu inuwa sai wadda mutum ya yi sa'ar samu a gindin bishiya. Ina son in sa rumfa a gefen motar, amma na ga iri-iri har na rasa wadda zan kama. Wanda ya taɓa amfani da ita ya taimaka mini da abin da ya gani da idonsa.

Injiniya, Kano: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kafin a yi maganar iri, sai an fara da awo. A auna tsayin motar daga ƙasa zuwa rufi, a auna tsawon gefen rufin inda yake miƙaƙƙe, daga bayan ƙofar gaba zuwa ƙarshen mota, sannan a duba ɓangaren da ƙofar ja take. Motocin da aka shigo da su daga Turai ƙofarsu a dama take, wanda shi ne daidai da hannun da muke tuƙi tun 1972, amma waɗanda aka juya wa sitiyari daga Japan sau da yawa tasu a hagu take, kuma rumfa a saman ƙofa ake sa ta, ba a wancan gefen ba.

Ni dai wadda nake amfani da ita irin mai akwatin alminiyum ce, wadda ake murɗa hannu ta fito da kanta. Kamfanoni biyu ne suka yi fice a kanta, Fiamma na Italiya da Thule na Suwidin. A cikin na Fiamma, F45s a jikin gefen mota ake ɗaura ta, F80s kuma a kan rufi. Mai tsawon mita 2.6 tana fitowa mita 2, mai mita 3 kuma tana fitowa mita 2.5, kuma wannan rabin mitar ba ƙaramin abu ba ne idan ana son shimfiɗa tabarma a yi sallah a ci abinci. Abin da ya sa nake ganin ta dace da ku shi ne mutum ɗaya yana buɗe ta cikin minti biyu yana tsaye a ƙasa. Aibinta kuwa tsada da nauyi, domin mai mita 3 ta haura kilo 20, kuma dole a samu ƙarafan ɗaurin da suka dace da motar. Idan ya zama sai an huda jiki, a sa faifan ƙarfe ta ciki don ya raba nauyin, a toshe ramin da gam irin su Sikaflex, in ba haka ba damina ɗaya ta isa tsatsa ta fara cin wurin.

Hajiya, Ingila: Baba Malam, barka da hutawa, Allah ya sa albarka a wannan tafiye-tafiye. Mu a nan Volkswagen Transporter muke da ita, kuma abin da muke haɗa mata kusan tanti ne cikakke, wanda ake kafawa a gefen mota a haɗa su da wani zare mai kauri da ke shiga cikin kwarmin da ke jikin rufi. Idan za mu shiga gari sai mu zare shi mu tafi da motar, mu bar tantin a tsaye da kujeru da tukwane a ciki. Vango da Outwell da Dometic duk suna yin sa, wasu ma babu sanda a jikinsu, famfo ake sa wa a hura musu iska. Ana sayar da su bisa tsayin mota, ƙananan daga santimita 180 zuwa 210, don haka wanda ya dace da tamu ba zai kai rufin taku ba.

Na kawo shi ne don ku san da shi, amma gaskiya ba zan ba ku shawarar saye ba. An yi shi ne domin ruwa da sanyin ƙasar nan. Ko a nan, ranar da aka yi zafi a watan Yuli, cikinsa kamar an rufe mutum a leda yake, balle a Bauchi a watan Afrilu. Ga shi kafa shi yana cin kusan rabin sa'a da turaku masu yawa, kuma barin kaya a daji a tafi ba ko'ina ne hankali zai kwanta da shi ba.

Direban masu haƙar rijiya, Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Ina da ja kaɗan a maganar Injiniya, ba don bai faɗi gaskiya ba, sai don abin da ya same ni. Aikinmu yana sa mu yi mako biyu ko uku a ƙauye, motar ita ce gidanmu. Wata shekara a farkon damina, muna wani ƙauye a arewa da Tasawa, na buɗe rumfa irin mai akwatin nan, na kafa mata ƙafafu amma ban ɗaure ta da igiya ba, saboda garin shiru yake, ko ganye ba ya motsi. Ina cikin dafa shayi na hango gabas ta yi ja. Kafin in ajiye buta in kama hannun murɗawa, iskar ta riga ta shiga ƙarƙashinta, ta ɗaga ta sama kamar faifai, ta kifa ta a kan rufin mota. Hannu ɗaya ya karye daga gwiwa, ɗayan ya lanƙwashe, akwatin ya ƙi rufuwa, sai da igiya muka ɗaure ta muka dawo gari. Laifina ne, ba na rumfa ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara: hannun na alminiyum ne da aka zuba, a cikinsa akwai sifirin mai ƙarfi, mai walda ya duba ya ce ba aikinsa ba ne, kuma sai daga waje za a aiko da wani.

Tun daga nan na koma irin mai jaka, wadda ake zuge zif a warware ta da hannu, a fito da sanduna biyu na gefe da ƙafafu biyu. ARB na Ostareliya da Front Runner na Afirka ta Kudu suna yin ta, kuma mai mita 2.5 tsawo da faɗi ita ce aka fi gani. Babu sifirin, babu giya, babu abin da ƙurar hunturu za ta shiga ta cushe. In sanda ta lanƙwashe a miƙe ta, in ta karye a yanko bututu a kasuwa a maye gurbinta. Yadinta kuma sau da yawa haɗin auduga da roba ne, inuwarsa ta fi sanyi a jiki.

Kowace kuka saya, Baba, turakun da ke zuwa da ita na ƙasar ciyawa ne, a wajenmu ba sa aiki. Ku sa mai walda ya yanka muku rodi mai tsawon kamu biyu, ya lanƙwasa kansa, ya fiƙe bakinsa, domin ƙasa mai tauri. A rairayi kuwa turke ba ya riƙewa, buhu ake cikawa da yashi a ɗaura igiya a binne shi. Kuma duk lokacin da za ku kwanta ko za ku bar wurin, ku naɗe ta, ko da sama tas take.

Injiniya, Kano: Ɗan'uwa, na karɓi maganar gyara, domin ni ma na taɓa jiran wata 'yar robar murfi tsawon watanni. Ƙurar kuma gaskiya ce, shi ya sa ba na sa wa gaɓoɓinta giris, yana kama ƙasa ya zama kamar kunu, sai dai in goge in fesa man silikon. Amma a tuna motar Malam mai dogon rufi ce, tsayinta ya kusa mita 2.3, kuma idan an ɗora jakar a kan ƙarfen ɗaukar kaya za ta ƙara sama. Kai matashi ne, kana iya taka taya ka zuge zif. Dattijo da iyalinsa fa? Naɗe mai jaka a cikin iska aikin mutum biyu ne, ga shi a saman kai, kuma ranar da hadari ya taso wadda ta fi saurin rufuwa ita ce ta fi tsira. Haka nan ban kawo maganar mai zagayowa har bayan mota ba, irin Batwing ta Rhino-Rack ko ta Alu-Cab, saboda duk nauyinta a kusurwa ɗaya yake taruwa, kuma ƙofar bayan Hiace sama take ɗagawa, ita kanta inuwa ce.

Mai ɗinkin tamfol, Zariya: Ranku ya daɗe, ku bar ni in sa baki a matsayina na mai sana'a. Malam bai san girman inuwar da yake bukata ba tukuna, tafiya ɗaya ya yi. Kafin ya kashe kuɗi masu yawa, ya zo a yanka masa tamfol na yadi mai kauri, mita 3 da mita 2.5, a ninka bakinsa a sa masa idanu na ƙarfe, kusurwoyin a ruɓanya su. Hiace tana da kwarmin ruwa a gefen rufi, a nan ake maƙala ƙugiyoyi, sai sanduna biyu da igiya huɗu. Ya zaɓi launi mai haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka, kada ya ɗauki shuɗin ledar nan ta rufe buhuna, rana tana cinye ta kafin shekara kuma ƙararta a iska ba ta barin barci. Idan ana ruwa a sassauta sanda ɗaya ta yi ƙasa da 'yar'uwarta domin ruwan ya gangara gefe guda, in ba haka ba zai taru a tsakiya ya yi tumbi har ɗinki ya buɗe. Wannan dokar ta shafi rumfar da ake shigowa da ita daga waje ma. Kuma kada a naɗe yadi da danshi a bar shi kwanaki, fumfuna ce za ta yi masa baƙaƙen ɗigo da ba sa wankuwa.

Malam Mai Ritaya, Kaduna: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fita da tef na auna: ƙofar a dama take, miƙaƙƙen gefen rufin ya ɗan haura mita 3, tsayin kuma kamar yadda Injiniya ya faɗa. Na gwada miƙa hannu zuwa kwarmin, da ƙyar yatsuna suka taɓa shi, saboda haka maganar hawa taya ba ta taso ba, maiɗakina ma ta riga ta yanke wannan hukunci. Zan fara da tamfol ɗin Zariya a wannan rani, in sayi ɗan tsani mai taka biyu, in ga yadda muke zama a ƙarƙashinsa. Idan Allah ya hore, kafin damina ta zagayo sai in nemi mai akwati ta mita 3, da rodin Maraɗi da igiyarsa. Saura tambaya ɗaya: da la'asar rana tana shigowa ta gefe, ga sauro da magariba. Akwai abin da ake rufe gefen da shi?

Hajiya, Ingila: Akwai, Baba. Masu akwatin suna da kwarmi a bakin gaba inda ake zura labule, ana kuma sayar da bangon gefe da na raga daban. Amma ku fara gwada juya motar yadda ƙofar za ta kalli gabas, jikin motar da kansa zai tare muku ranar yamma. Idan kuka rufe gefuna, don Allah kada a shigar da kurfoti ko risho ciki, gubar da ke cikin hayaƙin gawayi ba ta wari kuma tana kisa a rufaffen wuri. Mama ta yi girkinta a waje, ɓangaren da iska ke tafiya.

Mai ɗinkin tamfol, Zariya: Labulen gefe ba sai an aiko daga waje ba, ranka ya daɗe. Idan za ku taho, ku zo da motar kanta maimakon awo a takarda, domin in ga inda ƙofar take tsayawa idan an ja ta har ƙarshe, kada ƙugiya ta faɗo a hanyarta. Ku riƙo tsohon gidan sauro mai faɗi guda biyu, in akwai, zan yi musu baki da yadi in sa maɗauri.