Wanda ke kwana a tasha, ina rumfar zaɓensa?

Alhaji Babba: Assalamu alaikum. Maganar nan da ake ta yawo da ita, wai a sassauta ƙa'idar "ba kati, ba zaɓe" saboda marasa muhalli da 'yan gudun hijira, ni dai ba ta kwanta mini ba. Mutumin da ba a san makwancinsa ba, mai unguwa bai san da zamansa ba, ta yaya zai zaɓa mana ɗan majalisa? Gobe ya naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba, mu a bar mu da wanda ya dangwala wa har shekara huɗu. Kuma katin nan kyauta ake bayarwa. Wanda ya kasa riƙe kati ƙwaya ɗaya, anya zai iya riƙe amanar ƙuri'a?

Barista: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Zance biyu ka haɗa. Na gida dai, babu shi a doka. Sashe na 77 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi duk ɗan Najeriya da ya kai shekara 18, kuma yana zaune a ƙasar lokacin rajista, yana da haƙƙin a yi masa. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙara faɗaɗa abin a sashe na 12: ko kana zaune a mazaɓar, ko a nan kake sana'a, ko nan ne asalinka. Ɗaya daga ciki ya wadatar. Ba a ce ka kawo takardar fili ko rasit ɗin haya ba. Ɗan dakon da yake sauke kaya a Kantin Kwari, ya kwana a kan benci, doka ta san shi ta hanyar aikinsa.

Alhaji Babba: To ai shi ke nan, Barista. Tunda doka ba ta hana shi ba, kukan me ake yi? Ya je ya yi rajista kamar kowa.

Malama: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Su wa muke nufi ne da marasa muhallin? Don idan aka faɗi kalmar sai hankali ya tafi kan mai taɓin hankalin da ke ƙarƙashin gada. Alhali 'yan ga-ruwa ne, da masu wankin takalmi, da gardawan da ke kwana a soron malam, da matar da aure ya mutu tana raɓe-raɓe a gidajen dangi. Har da yaron da ke shimfiɗa kwali a ƙofar shagonku da dare, wanda saboda shi ne kuke iya barci a gida. Wasunsu sun fi ɗan majalisar daɗewa a unguwar. Shi ne ma yake naɗe tabarma ya tafi Abuja, ba su ba.

Ɗan Bama: Ni bari in yi magana a kan "kasa riƙe kati", don ta taɓa ni. Baba, da muka baro Bama a 2014 ba wanda ya tsaya neman takarda, da kayan jikinmu muka iso Maiduguri. Daga baya na sake yin wani katin, na sa shi a leda tare da takardun yara, na cusa a ƙasan akwati. Daren da madatsar Alau ta ɓalle, a Satumbar 2024, ruwa ya kai mini ƙirji kafin in fitar da tsohuwata. Akwatin ban sake ganinsa ba. Mai gida yana da durowa da makulli. Wanda ke ɗakin aro ko tantin leda, ma'ajiyarsa aljihunsa ne, ruwa ya jiƙa, ɓarawo ya zare a tasha. Ba sakaci ba ne wallahi.

Alhaji Babba: Allah ya mayar da alheri, ɗana. Ba irinku nake nufi ba.

Ɗan Bama: Amin, Baba. Amma a bakin rumfa ba a tambayar wa kake nufi. Ko kana da kati ko ba ka da shi.

Barista: Nan ne zance na biyu. Sashe na 47 na Dokar Zaɓen 2022 ya ce mai zaɓe ya zo da katinsa, a rumfar da sunansa yake. In ya ɓata, sashe na 18 ya ce ka je da kanka ka nemi wani, aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Sauya rumfa ma kwana 90 ne. Ke nan wanda aka rushe wa matsuguni saura wata biyu zaɓe, ko 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara ana saura sati uku, hanya ta rufe masa, ko da sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa duk suna cikin rajista. Dokar ta ɗauka kowa zai kai ranar zaɓe a inda ya yi rajista.

Tsohon Ejan: Ku bari wanda ya tsaya a rumfa ya sa baki. Ni ina bayan Alhaji, amma ba don dalilinsa ba. Ku kuna kallon talakan da aka hana, ni ina kallon wanda zai yi amfani da shi. Ranar da aka ce ba sai da kati ba, kuma adireshi kowace inuwar bishiya ta isa, 'yan siyasa za su cika motoci da mutane su sauke a mazaɓar da suke jin tsoro, kowa ya ce a tasha yake kwana. Wa zai ƙaryata shi? Kun manta hotunan ƙananan yara suna dangwale a zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018? Ƙasar da aka yi wannan ce za a ce a sassauta? Sannan mutumin sansanin 'yan gudun hijira, wanda ke kawo masa shinkafa shi ke da ƙuri'arsa. Ba zagi ba ne, yunwa ce.

Injiniya: Yallaɓai, jigilar da kake tsoro a wurin rajista ake yin ta, ba ranar zaɓe ba, kuma kati bai taɓa hana ta ba, don waɗanda aka kwaso ɗin ma ana buga musu nasu. Ka duba yadda BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ke aiki. Ma'aikaci yana haska katin ne kawai don sunan mutum ya fito a na'ura, yana kuma iya shigar da lambobin ƙarshe na rajistarsa ya fito. Abin da ke tabbatar da kai ne, yatsanka ne ko fuskarka. In na'ura ta ƙi ka, kati goma ba zai cece ka ba. To in ta karɓe ka fa, me katin ya ƙara? Shi kansa Farfesa Mahmood Yakubu, yana shugaban INEC, ya faɗa a Disambar 2024 cewa tunda akwai BVAS ya kamata a sake duba batun cewa kati ne kaɗai hanyar tantancewa.

Malama: Kuma batun shinkafa, Yallaɓai Ejan, taliya da atamfar da aka raba a 2023 gida-gida aka bi da su, gidaje masu ƙofa da lamba. Ban ji an ce a soke ƙuri'ar matan aure ba.

Tsohon Ejan: Malama kin iya harbi. Amma Injiniya, na'ura tana lalacewa, batir yana mutuwa. Ranar da ta tsaya, katin ne abin da ejan zai kalla da idonsa.

Injiniya: In ta tsaya ai ba a ci gaba da kati, doka cewa ta yi a kawo wata, in ba a samu ba a sake ranar zaɓe a rumfar, matuƙar ƙuri'unta za su iya sauya sakamako. Kuma tunda ka yi aikin, ka fi ni sanin dalilin da ya sa ake sayen katin talakawa kafin zaɓe, abin da INEC da kanta ta koka a kai gabanin 2023. Mai sayen ya san ba zai iya dangwale da shi ba. Yana saye ne don mai katin ya zauna a gida. Wa ya fi saurin sayarwa? Wanda bai ci abincin dare ba. Da za a ce fuska ta isa, wannan kasuwar ta mutu a ranar.

Na Ikko: Ku ƙara da mu 'yan ci-rani. A Mile 12 da Alaba Rago a nan Legas akwai dubban 'yan Arewa da ke kwana a rumfunan kasuwa, rajistarsu tana Sakkwato ko Jigawa. Katinsu na aljihu lafiya lau, rumfar ce ke da nisan kwana guda a mota. A Fabrairun 2023, ga canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar gani, da yawa sun lissafa kuɗin mota suka haƙura. Shi ya sa in aka ce mutum miliyan 93 sun yi rajista amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, kada a ce duk lalaci ne. Kati fiye da miliyan 6 ma ba a karɓa ba, kuma ba a karɓar wa mutum, sai ya je da ƙafarsa.

Ɗan Bama: Gaskiya a 2015, zamanin Farfesa Jega, an yi ƙoƙari, an buɗe wa 'yan gudun hijira wuraren zaɓe a Borno da Yobe da Adamawa. Sai dai mafi yawanmu ba a sansani muke ba, muna cikin gari a gidajen mutane da kangwaye. Kuma tun 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri, irin su Bakassi. Wanda bai koma gida ba, kuma ba ya sansani, a wane layi yake?

Ta Ingila: Ina biye da ku tun ɗazu. Nan Ingila sai a Mayun 2023 aka fara neman shaida mai hoto a rumfa. Suna karɓar fasfo, lasin tuƙi, katin bas na tsofaffi, ga wata takardar shaida ta kyauta, amma duk da haka hukumar zaɓensu ta ce wajen mutum 14,000 aka mayar ba su dawo ba. Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ta kawo dokar, shi ma an mayar da shi a 2024 don ya manta tasa. Marar gida kuwa takarda yake cikewa ya faɗi wurin da ya fi zama, ko da ƙofar kanti ce. A Indiya ma'aikacin zaɓe ne ke zuwa da dare ya gani da idonsa ko a nan mutum yake kwana, sannan a sa shi a rajista. Wannan ya amsa tsoron Yallaɓai Ejan fiye da kati.

Tsohon Ejan: Hajiya, ma'aikacin da zai fita tsakar dare yana leƙa tashoshi a Gusau, ke za ki ba shi rakiya?

Alhaji Babba: Na ji duka. Wanda sunansa ke rajista, katinsa ya salwanta, na'ura ta gane fuskarsa, a bar shi ya yi, ban da ja a nan. Amma ɗan ci-rani ya zaɓi shugaban ƙasa a inda yake, gwamna da ɗan majalisa kuwa ya koma garinsu.

Barista: Ranka ya daɗe, wannan sai an sake doka, don ta yanzu ta ba shi mazaɓar da yake aiki. Kuma gwamnan da ke aiko motar rusau kan rumfar da yake kwana, na garin da yake ci-ranin ne, ba na garinsu ba.

Na Ikko: In kuma dole sai mun koma, Alhaji, a turo kuɗin mota. Zuwa da dawowa.