Shin man darbejiya yana raba mutum da soriyasis har abada?

Malam Lawal: Assalamu alaikum. Wani mai maganin gargajiya a nan Katsina ya tabbatar mini cewa haɗin man darbejiya da man kaɗe da habbatus sauda yana kawar da cutar fatar nan da likitoci ke kira soriyasis cikin kwana 40, kuma ba za ta dawo ba. Ƙanena ya shekara 6 yana fama da ita a gwiwar hannu da ƙeya, fatar ta yi kauri tana zubar da ɓawo fari kamar dusa a kan wuyan rigarsa, har abokan sana'arsa suna ƙyamar cin abinci tare da shi. Ya shafa haɗin na wata guda, ƙaiƙayin ya lafa, don haka ni na gaskata mai maganin.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Lawal, Allah ya ba shi lafiya, amma sauƙi daban, warkewa daban. Na yi aikin jinya shekaru masu yawa, kuma abin da aka sani shi ne wannan cuta ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba kamar makero ko ƙazuwa, garkuwar jikin mutum ce take ingiza fata ta riƙa sabuntawa cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, shi ya sa take taruwa ta yi ɓawo. Ba a ɗaukarta ta hanyar musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin cuta mai daɗewa wadda ba ta yaɗuwa. Man kaɗe yana tausasa ɓawon, wannan gaskiya ne, amma ɗabi'ar cutar ce ta lafa ta kuma taso, musamman idan hunturu ya busar da fata.

Alhaji Mamman: Hajiya, ina ganin kuna saurin raina abin da muka gada. Mahaifina a Daura da saiwa da ganye ya yi wa jama'a magani har ya rasu, kuma ai magungunan asibitin ma daga tsirrai aka samo da yawansu.

Hajiya Rabi: Alhaji, ban raina ba, kuma maganarka tana da tushe a wannan cutar kanta. Maganin shafawa da ake kira ditiranol asalinsa garin wata bishiya ce ta Barazil, haka kuma sinadarin soralen da ake haɗawa da hasken da ake haska fata da shi a asibiti ana samun sa a wani tsiro da ke fitowa a Masar. Bambancin shi ne an auna su, an san adadin da yake amfani da wanda yake ƙona fata. Abin da nake tsoro shi ne abin da na gani da idona: wata baiwar Allah ta zo da kwalba marar suna, man ciki ya share mata fata cikin mako guda, ashe an cuɗa shi da man sitiroyid mai ƙarfi irin wanda ake sa wa a mayukan bilicin. Da ta daina shafawa cutar ta dawo ta mamaye mata baya da ciki, fatar kuma ta yi siriri har jijiyoyi suna bayyana.

Malam Lawal: To ai kwalbar da aka ba ƙanena tana ɗauke da lambar NAFDAC.

Malama Hauwa: Malam, ka duba ko lambar ta ƙare da harafin L. Irin wannan rajista ta magungunan gargajiya tana nufin an duba cewa ba su da illa a fili, ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikinsu. Ni kaina ina da cutar tun ina budurwa, kuma ina shafa man kaɗe kowane dare bayan wanka, amma na daina dirzar wurin da soso, domin duk inda fata ta ƙuje sai sabon tabo ya fito a wurin. Likita kuma ya gargaɗe ni cewa kulorokwin yana iya tayar da ita, don haka nake faɗa kafin a rubuta mini maganin zazzaɓi.

Alhaji Mamman: Na yarda da batun cuɗanya, domin mu ma masu wannan gado irin waɗannan ne suke ɓata mana suna. Sai dai har yanzu ban ga dalilin hana yaron man darbejiya ba tunda yana jin daɗinsa.

Hajiya Rabi: Ban hana shi shafawa ba matuƙar bai sa masa zafi ko ja ba, alƙawarin kwana 40 ne ban yarda da shi ba. Malam Lawal, ka tambaye shi ko yana tashi da safe da sanƙarewar yatsu ko ciwon dunduniya, domin a wasu masu cutar tana shiga gaɓoɓi ta lalata su, kuma babu man da zai kai can. Ku je asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina, ku tafi da kwalbar a hannu.

Malam Lawal: Ya kuwa daɗe yana kukan yatsunsa da asuba, mun ɗauka sanyi ne. In Allah ya yarda ranar Litinin zan kai shi.