Binciken filin jirgin sama: tsaro ne ko ihu bayan hari?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. A wani filin jirgin sama na Turai, a gabana aka tayar da mahaifiyata daga keken marasa lafiya, tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa. Aka cire mata takalmi, aka lalube ta har ƙarƙashin mayafi, aka karɓe robar ruwan da take haɗiyar magani da shi. Wannan wulaƙanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wahalar nan ba ta tare komai. Ku bi dokokin ku gani. Sai da mutum 19 suka ƙwace jirage huɗu a Amurka ranar 11 ga Satumba 2001, aka rasa rayuka kusan 3,000, sannan aka hana shiga da ƙananan wuƙaƙe. Sai da Richard Reid ya ɓoye bam a takalminsa a Disambar 2001 sannan aka tuna da takalmi. Sai da aka bankaɗo shirin haɗa bam da ruwa a Ingila a 2006 sannan aka kawo dokar hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100. Ihu bayan hari ke nan. Wanda ya san hari guda da aka tare a wurin cire takalmi ya kawo mana shi.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana. Amma Baban Khalifa, kalmar wulaƙanci ta yi nauyi. Ƙanena wannan aikin yake yi, tun asuba yana tsaye, ana zaginsa ana hararar sa a kan dokar da ba shi ya rubuta ba. Wulaƙanci shi ne a ware ka kai kaɗai don a tozarta ka. Abin da aka yi wa kowa a layi ba a kiransa haka.

Autan Inna: Kowa? Anti, ke ma kin san ba kowa ba ne. Ki tsaya ki kalli waɗanda ake jan su gefe a yi musu bincike na biyu. Mai gemu, mai hijabi, mai sunan Muhammadu a fasfo. Sai a ce wai kwamfuta ce ta zaɓa.

Maman Hanifa: To ai ka canza magana. Wannan wariya ce in ta tabbata. Shi wulaƙanci ya ce.

Autan Inna: Wariyar da aka yi maka a gaban ɗaruruwan mutane, hannuwanka a sama, bel ɗinka a tire, mene ne sunanta in ba wulaƙanci ba?

Tsohon Soja: Ni na yi aikin shingen bincike, na san zafinsa. Mutumin da ke tsaye a wurin ba ya ganin tsohuwa ko yarinya, umarni yake gani. Ranar da ya ji tausayi ya ɗaga ƙafa, ranar za a wuce da abin da zai hallaka jama'a. A 1986 a filin jirgin Heathrow na Landan an samu bam a jakar wata mata 'yar Ireland mai juna biyu. Ita kanta ba ta san da shi ba, saurayinta ne ya ɓoye shi ya sallame ta ta hau jirgi. Da an ce mai ciki ce a ƙyale ta fa? Ga hari guda da aka tare, tunda ka ce a kawo.

Baban Khalifa: Yallaɓai, a jaka aka samu, kuma ni ban taɓa cewa kada a duba jaka ba. Takalmi na ce.

Injiniya: Jama'a, tambayar Baban Khalifa tana da kyau, kada kalma ɗaya ta ɗauke mana hankali daga kanta. In aka bi manyan hare-haren da aka daƙile, yawancinsu ba a bakin na'ura aka tare su ba. Reid ya wuce bincike a Paris ya hau jirgin Miami, ma'aikatan jirgi da fasinjoji ne suka danne shi yana ƙoƙarin kunna ashana. Masu shirin 2006 ba su ma kai filin jirgi ba, jami'an leƙen asiri sun daɗe suna bibiyar su kafin a kama su a watan Agusta. A Oktoba 2010 an aiko bama-bamai biyu daga Yemen a ɓoye cikin na'urar buga takardu, an gano ɗaya a Dubai ɗaya a Ingila, kuma bayanin sirri daga Saudiyya ne ya nuna inda suke. Sannan a 2015 ya fito cewa masu sa ido na gwamnatin Amurka sun gwada hukumar binciken filayen jiragensu da makamai da bama-baman bogi, suka wuce sau 67 cikin 70. Har shugaban riƙon hukumar aka sauya a kan wannan. Duk da haka ba zan ce a cire bincike ba, domin wanda ya fasa zuwa saboda ya san za a duba shi ba ya shiga lissafin kowa. Abin tambaya shi ne ina ya kamata kuɗi da ma'aikata su fi yawa.

Hajiya Babba: Ni ba lissafi na sani ba. Abin da na sani mace ce ke lalube mace, kuma in kin nemi a kai ki ɗaki a rufe, ana kai ki. Ɗana, kun nema aka hana ku? In ba ku nema ba, to ba a wulaƙanta ta ba, rashin sani ne.

Baban Khalifa: Hajiya, da girmanki, tsohuwar da ba ta jin yarensu ta ina za ta san da wani ɗaki? Su da suka san da shi me ya hana su faɗa mata? Ni kuma an riga an tura ni gaba, ina hangen ta ba damar komawa.

Hajiya Babba: To wannan laifin ma'aikaciya ɗaya ne marar tarbiyya. Ka ce an yi mata rashin ladabi, mu taya ka jin haushi. Wulaƙanci kuwa sai da niyya.

Autan Inna: Wa ya ce sai da niyya? In mota ta fallatsa miki ruwan kwata, kayanki sun ɓaci ko direban ya yi niyya ko bai yi ba.

Tsohon Soja: Ku bar zagaye-zagaye. Wa ya ja mana? Ɗanmu ne ya ɓoye abin fashewa a kamfai ya hau jirgin Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba 2009. Daga nan aka baza na'urorin haska jiki a filayen jirage, daga nan Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa matafiyansu bincike. In akwai wulaƙanci, shi ya wulaƙanta mu.

Autan Inna: Kada ka ce ɗanmu. A Landan ya yi jami'a, a Yemen aka horar da shi. Kuma mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a watan Nuwamba ya ce yana tsoron halin da yaron ya shiga. Uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa, me ya rage kuma? Ba su soke bizarsa ba, ba su sa shi cikin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Obama da bakinsa ya yarda cewa bayanan suna hannunsu, haɗa su ne ba a yi ba. Su suka yi sakaci, mutum miliyan ɗari da wani abu suka sha hukunci.

Injiniya: Wannan batu na Auta shi ne ainihin abin da nake nufi. An samu bayani mafi tsada da hukuma za ta iya samu, ya kwanta a rumbun ajiya. Wani fasinja ɗan Holan ne ya yi tsalle ya danne yaron a cikin jirgi. Jerin ƙasashe 14 ɗin ma bai wuce 'yan watanni ba, a Afrilun 2010 suka janye shi.

Tsohon Soja: Fasfon wace ƙasa ne a hannunsa? Amsa nake so.

Autan Inna: Reid fasfon Birtaniya ne a hannunsa. An sa Birtaniya a wani jeri? Kai dai Baba, wanda bai taɓa tsayawa a layin nan da koren fasfo ba ba zai gane ba.

Tsohon Soja: Ni kake faɗa wa haka? Yaro, ina ɗauke da bindiga a ƙasar waje ina aikin wanzar da zaman lafiya tun ba a haife ka ba. Ka janye wannan magana.

Autan Inna: Jirgin soja daban, layin farar hula daban. Kuma ni ba yaro ba ne, ina da iyali.

Maman Hanifa: Auta, ka ji tsoron Allah. Sa'an mahaifinka ne. Ko a gida haka kake mayar wa manya magana?

Autan Inna: Anti, ke tun farko kin faɗi inda kika tsaya, ƙaninki kike karewa. Ba laifi ba ne, amma kada ki zama alƙaliya.

Maman Hanifa: E, ina kare shi, kuma ba na jin kunyar haka. Ranar da aka kai hari filin jirgi, ku kuna gida kuna kallo a waya, su ne a tsaye a bakin ƙofa.

Injiniya: Maman Hanifa ta taɓo wani abu mai muhimmanci ba tare da ta nufa ba. Ranar 22 ga Maris 2016 a Brussels, a zauren da ake karɓar kaya maharan suka tayar da bam, kafin a kai wurin bincike. A Domodedovo na Mosko a Janairun 2011 a zauren tarbar baƙi ne, mutum 37 suka mutu. A Istanbul a Yunin 2016 akwai bincike tun daga bakin ƙofar shiga, sai maharan suka buɗe wuta a nan. Ma'ana duk inda ka tara mutane a dogon layi ka samar wa mahari wurin da yake nema. Ga kuma ƙofar baya. A Fabrairun 2016 a Mogadishu hoton kyamara ya nuna wasu da aka ce ma'aikatan filin ne suna miƙa wa mahari kwamfutar da bam ke ciki, ta huda gefen jirgin, shi kaɗai ya mutu. Jirgin Rasha da ya tashi daga Sharm el-Sheikh a Oktoba 2015 da mutum 224, bam ne ya tarwatsa shi a saman Sinai. Wa ke binciken masu ɗora kaya, masu shara, masu kawo abinci? Wannan ya fi damuna a kan takalmi. Amurkar ma da ta fi kowa riƙe dokar takalmi ta sake ta a Yulin 2025.

Hajiya Babba: Injiniya, kai kullum dogon rubutu. Ka faɗa mana a taƙaice, wulaƙanci ne ko ba wulaƙanci ba ne?

Injiniya: Hajiya, ba shi na zo tattaunawa ba.

Hajiya Babba: To ka gudu ke nan.

Baban Khalifa: Ku duba, sun cire dokar takalmi bayan shekaru kusan ashirin. Da tana da amfani za su cire ta?

Maman Hanifa: Na'urori ne suka inganta shi ya sa. Kuma ban ga wanda ya ba Baba Tsohon Soja haƙuri ba har yanzu.

Malam Ɗanlami: Assalamu alaikum. A matsayina na mai kula da zauren nan, bari in tattara abin da aka cim ma kafin a rufe. Ɗan'uwanmu ya kawo koke a kan abin da ya samu mahaifiyarsa, muna taya shi jimami. Mafi yawan waɗanda suka yi magana, musamman manyanmu masu gogewa, sun nuna cewa kalmar wulaƙanci ba ta dace ba, tunda doka ce da ta hau kan kowa kuma ba da niyyar tozarci ake yin ta ba. An kawo hujja ƙwaƙƙwara ta 1986 da ta nuna cewa ko mai juna biyu ana iya amfani da ita. Injiniya ma ya tabbatar da cewa bai kamata a cire bincike ba. An kuma tunatar da mu cewa abin da ya faru a 2009 shi ya jawo mana tsanani. Abin takaici, wani matashi ya yi wa dattijo rashin kunya, muna jiran ya gyara. Jami'an tsaro na buƙatar addu'armu da haɗin kanmu.

Injiniya: Malam, ka ɗauki rabin jimlata ka bar sauran. Ina 67 cikin 70? Ina maganar Brussels da ta masu ɗora kaya?

Baban Khalifa: Wane mafi yawa? Mutum uku ne, ɗaya ƙaninta na aikin, ɗaya tsohon ma'aikacin tsaro ne. Kai ma Malam kowa ya san a ina ka yi ritaya. Ban janye kalmata ba, kuma har yanzu ba wanda ya kawo mini harin da aka tare a takalmi.

Autan Inna: An rubuta 2009 an bar maganar uban da ya kai ƙara. Da gangan aka bar ta.

Malam Ɗanlami: Inda na yi ritaya bai shafi kowa ba. Wanda bai gamsu ba ya rubuta nasa.

Tsohon Soja: Ni duk wannan bai dame ni ba. Yaron nan ya ce ban taɓa tsayawa a layi ba, ya faɗa a gaban jama'a, kuma a gaban jama'a zai janye. Malam, kada ka rufe sai ya yi.